Rumbun Ƙarƙashin Bene

A gidanmu na Rikkos, ƙarƙashin matakalar bene,
inda muke jibge buhun dankali da tsofaffin takalma,
akwai wata kwamfuta da ofishinmu ya yar.
Ba allo, ba linzami,
sai kore ido guda da ba ya runtsawa.
Davou mai gyara a Taminus ya ce sunanta saba.
Na ce ni dai rumbu na sani.

Ƙarfe biyun dare,
sa'ar da sanyin Jos ke lalubo ƙafa ta ƙasan bargo,
sai ta zaga ɗakuna ba tare da ta taka ƙasa ba.
Ta ɗebi babin da Lantana ta rubuta na digiri,
ta ɗebi lissafin albashina da bashin mai kanti,
har zanen jirgin Haladu mai fiffike uku,
ta jera, dami kan dami.
Ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Lantana ma ƙorafi take:
"Abin nan naka ya shanye batirin inbata,
ga fankarsa kamar sauro a kunne."
Na ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.
Ta ce to, mai tukunya.

Wata Laraba cikin Agusta
hadari ya gangaro daga duwatsun Shere.
Tsawa ɗaya.
Soket ya yi tartsatsi, falo ya ɗau ƙauri.
Kwamfutarta na jone da wutar Nepa,
rumbu kuwa na kan batir, aradu ba ta gane hanyarsa ba.
Shekara biyu na cikin abin da ya ƙone.
Ba ta yi kuka ba.
Ta zauna dirshan a kan leda
tana nannaɗe wayar caja a yatsa, tana warwarewa.

Washegari na karɓo wata ta hannu wurin Davou,
rabin kuɗi, sauran sai ƙarshen wata.
Na jona, muka zuba ido.
Kashi tara cikin ɗari.
Kashi talatin da ɗaya.
Shayi ya huce, ba wanda ya kurɓa.
A saba'in ya tsaya cak, har na fara salati,
sannan ya ci gaba da rarrafe.

Suka dawo ɗaya bayan ɗaya,
kamar tumaki da magariba:
babi na ɗaya har na huɗu,
hotunan sunan Haladu,
muryar marigayi Baba yana labarin ramin kuza a Bukur,
har tarin da ke katse masa magana ya dawo.
Shafi uku ne kawai babu,
waɗanda ta rubuta safiyar Laraba.
Ta rantse su ne mafi kyau.
Abin da ya ɓata ai kullum shi ne mafi kyau.

Sai dai rumbu bai san zaɓe ba.
Abin da daren Talata ya gani, shi ya maido.
Can ƙasan jerin, ga wani fayil:
"Zuwa ga Baban Haladu."
Na ga sunan, ta ga na gani.
Ta ce, "Wannan na goge shi tun jiya da asuba."
Ta sake gogewa a gabana.
Ta tashi ta ɗumama shayi,
ta sa mini sukari fiye da kullum.

Ban gaya mata ba, ko da yake ina jin ta sani:
akwai kwafinsa a ƙarƙashin bene.
Mabuɗin yana kaina, harafi takwas.
Wata huɗu ke nan ina wucewa in ɗebo dankali,
koren idon ya dube ni,
in dube shi,
in ja ƙofa.