Sakin Layi na Sha Tara

A saman shagon Lantana mai ɗinki, a Samaru,
mu uku muka rubuta manhajar,
ni da Zailani da Rakiya mai ƙin barci.
Wata tara janareto na tari,
shayin Barau na hucewa a kan tebur.

Kamfanin Legas ya ce a ƙirga masa buhunan taki
tun daga sito har hannun manomi.
Muka koya wa na'ura lissafi.
Ba ta taɓa ɓatar da buhu ko ɗaya ba,
wataƙila laifinta ke nan.

Takardar kwangila shafi arba'in da biyu ce.
Zailani ya karanta wajen kuɗi,
ni na duba ranar miƙa aiki,
sauran muka bar wa amana.

Da lokacin biya ya yi, sai aiki ya tsiro da aibi:
wai tana da nauyi,
wai tana sumewa in hadari ya haɗu.
Miliyan shida suka danne.
Ga shi kullum da safe ina ganin shigarsu cikinta,
kamar mai gona yana kallon awakin maƙwabci.

Muka hau mota a Kwangila tun asuba,
sai Babbar Kotun Tarayya.
Alƙaliya ta gyara tabarau:
"Sakin layi na sha tara.
Da hannunku kuka rufe ƙofar nan,
ku je gaban mai sasanci."
Minti bakwai.
Takalmin da na aro bai ma gama matsa ni ba.

Barista Dikko ya rubuta kuɗin zaman a bayan katinsa.
Ya haura rabin abin da muke bi.

Daren nan a Hanwa Rakiya ta buɗe kwamfuta.
"Layi ɗaya zan goge, komai ya tsaya cak."
Babu wanda ya tanka.
Damina ta kama,
kawuna na cikin masu jiran taki a Giwa.
Ta daɗe da yatsa a sama,
sannan ta tambayi ko akwai sauran suga.

Yanzu takarda daga baya nake fara ta,
kamar mai karatun ajami.
Zaman farko Talata ne, ta allo,
mai sasanci a Legas, mu a saman Lantana.
Na roƙe ta ta dakata da keke har azahar.
Ta ce tana da ɗinkin suna.