Buhu Goma Sha Biyu

A Aleiru aka yi, ba labarin nesa ba ne.
Nomau ya zo bisa sanda, ƙafa a kumbure,
ya ce, "Bagudu, za a kai ni asibiti Sakkwato.
Albasata na rumbu, buhu goma sha biyu,
riƙe mini, in na dawo mu yi lissafi."
Ba takarda, ba shaida,
sai Wanda ba Ya gyangyaɗi.

Wata biyu albasa ta hau doki.
'Yan Kurmi suka zo da tirela cikin dare,
na ƙirga kuɗi har yatsana ya gaji da miyau.

Da ya dawo na riga shi sunkuyar da kai:
"Ruwa ya shiga rumbu, duk ta ruɓe."
Bai tambayi inda na zubar da ita ba.
Ya ce, "Mai bayarwa ne Ya karɓi abinSa,"
ya ɓare goro, ya miƙo mini babban ɓari.

Goron nan har yau bai wuce maƙogwarona ba.

Nomau ya rasu da kaka. Ni na ɗauki makara.
Babur ɗin da na saya yana jingine a gindin darbejiya,
ja, sabo, yana kallona.

Jiya bayan Magariba, a zauren Malam Hantsi,
aka zo kan alamomin munafuki guda uku.
Ina ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin riga:
na faɗi ƙarya, na saɓa alkawari,
na uku kuwa shi na hawo na zo karatu.
Malam ya ce duwatsu ma an yi musu tayin amana,
suka ce ba za su iya ba.
Ya ce gobe kowane maci amana da tutarsa,
a kafa ta, kowa ya karanta sunansa.
Na ce, "Malam, istigfari fa?"
Ya ce, "Haƙƙin Allah ka kai wa Allah.
Haƙƙin bawa, ƙofar gidansa za ka."

Yau Juma'a na tura babur kasuwar Jega,
na dawo a ƙasa daga tasha, kuɗi a aljihu, ba su cika ba.
Ga ni a ƙofar gidan Nomau.
Ɗiyarsa Ige tana tankaɗe, ta ɗago ta ce,
"Baba Bagudu, sannu da zuwa, a kawo ruwa?"

Sallama na yi.
Sauran maganar ce ke da nauyin buhu goma sha biyu.