Kwat a Tsakar Bazara

Sallau ya bugo daga Barazil daren Lahadi,
ina wanke wuƙaƙe a gindin randa.
Ya ce, "Baba, takardu sun fito,
saura kai ka zaɓi wata."

Na ce, wane irin zance ne wannan?
Ni da Garwa ta haifa, Binuwai ta yi wa wanka,
ban taɓa zaɓen wata ba.
Shi ke zuwa ya same ni a rumfa,
in na ga dama in yi masa sannu,
in ban gani ba in ci gaba da fawa.

Ya yi dariya.
"A nan shekara a kife take kamar akushi.
Sa'ad da damina ke jiƙa muku gyaɗa,
mu a kudu raɓa ke daskarewa a kan ciyawa,
numfashi ya fito da hayaƙi, ka ce mai busa taba.
Janairu kuwa rana ta ƙwalle tun hantsi,
da la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.
Ka zo Afrilu, Baba, ko Oktoba.
Ba zafi, ba ɗari, hanya a bushe,
in kai ka inda kogi ke faɗowa daga dutse
da rugugin da ba ka jin na kusa."

Afrilu!
Watan da kwalta ke kama takalmi,
nama bai kai azahar sai ya sauya fuska,
kogi ya janye ya bar yashi,
dorinai su cunkushe a ɗan gurbin da ya saura.
Wa zai ƙi gudun Garwa a Afrilu?
Oktoba ce dai ban yarda ba:
kaka ce, mutanen Pitowa da suka ci nama bashi
a nan suke tuna hanyar rumfata.

Na tambayi Gambo tela, da ya taɓa hawa jirgi,
ya ce, "Bi watan da tikiti ya faɗi, sefa ba ta tsiro."
Na tambayi Atine, uwar yaron,
tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.
Can ta ce, "Kai ba ka jin muryarsa a Yuli?"

Na kwana da maganar.

A Afrilu hotuna yake turowa,
shi da abokai a bakin tafki, haƙora waje.
A Yuli da asubarsu yake kira,
mu rana ta riga ta hau katanga,
tari na tsinka masa gaisuwa,
"lafiya lau" ɗinsa na fitowa da sauri
kamar mai ɓoye abu a bayansa.
Daga nan sai ɗakin sanyi,
kaji na wucewa a rataye, ba iyaka,
bisimilla dubu nawa kafin a tashi,
da wuƙar da ni na koya masa riƙo
a yatsun da ba ya ji.

Na ce masa, Yuli zan zo.
Ya ce, "Baba, gwiwarka fa?"
Na ce, gwiwar tawa ce.
Ya ce, "Ba abin kallo, hazo ne da yayyafi."
Na ce, na ga ruwa, a bakinsa na girma.
Ya yi shiru har na zaci kuɗin waya ne suka ƙare.

Yau da rana tsaka na shiga layin 'yan gwanjo,
gumi na bin bayana har ƙugu,
na ce a ciro mini kwat mafi nauyi.
Yaron shagon ya leƙa sama, ya dube ni,
ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.
Na saka, na ɓalle maɓallai har wuya,
na ɗaga hannu, na sauke, ta yi daidai.
Na ce a ƙaro ɗaya,
wadda ta ɗan fi wannan faɗin kafaɗa.