Ɗakin Bakin Zaure

Ɗakin da aka ba ni ina ɗan shekara goma sha huɗu,
ranar da Inna ta ce na wuce kwana a cikin mata,
shi ne dai ɗakin.
An sauya kwanon rufi sau biyu, ƙyaure sau ɗaya.
Mai ɗakin ne ba a sauya ba.

Da na dawo daga Ngaundare da takarda a hannu,
na ce wata shida, kafin kamfanin auduga ya kira.
Baba ya ce gida ba ya korar ɗa.
Gaskiya ya faɗa, bai kora ba.
Haɗiya ya yi, sannu sannu,
yadda Binuwai ke cin gaɓa da damina
ba wanda ya ji ƙarar faɗuwar ƙasa.

Arba'in da uku gare ni.
Furfura ta sauka a gemu ba sallama,
amma in hira ta kai ni goman dare a teburin mai shayi,
tun daga kwanar masallaci nake kashe babur,
in turo shi da hannu,
in cire takalmi, in riƙe numfashi.
Tari ɗaya daga ɗakin Baba
ya isa ya mayar da ni aji uku.

Lirwanu yana Duwala. Barira tana aure a Marwa.
Ƙarshen wata kuɗi ya faɗo a waya,
Inna ta ɗaga hannu tana sa albarka har maƙwabta su ce amin.
Ni na san wace ƙwaya ake sha kafin koko,
wacce bayan la'asar,
na san nauyin Baba a kafaɗa daga gado zuwa bayi.
To, bango ba a sa masa albarka.
Jingina ake yi.

Hurera ta jira ni damina uku.
Sau ɗaya ta leƙo ɗakin,
ta dubi taga, ta dubi igiyar shanyar Inna da ta gitta bakin ƙofa,
ta ce, ni ina zan kafa murhuna?
Na yi dariya don ba ni da amsa.
Yanzu ɗanta na fari ni ke kai shi makaranta,
yana ce mini kawu,
yana miƙo dala arba'in, ina karɓa.

Kada in ci amanar gidan, akwai daɗi.
Ban taɓa ɓuya don mai haya ba.
Miyar yakuwa da busasshen kifi tana jirana a rufe
ko da na dawo ba ko sisi.
Kuma akwai daren da wuta ta ɗauke, zafin Garwa ya hana barci,
Baba ya ba ni labarin yadda kakansa ya iso garin nan
da jaki biyu da huhun goro da bashin da bai biya ba.
Ba wanda ya ji wannan sai ni.
Ba a aika irinsa ta waya.

Bara muka kai shi.
Bayan addu'ar bakwai Lirwanu ya zaga gidan yana auna shi da ƙafa,
ya tsaya a ƙofata ya ce, kai kuma ina za ka?
Shekara ashirin ba wanda ya yi mini tambayar nan,
har ni kaina.

Ba a raba ba tukuna, an ce sai bayan Inna.
Ina nan.
Har yau ina kashe babur a kwanar masallaci,
sai na iso zaure nake tuna babu mai ji.

Jiya da dare ƙura ta sarƙe ni, na yi tari.
Can cikin gida
na ji Inna ta rage muryar rediyo.