Hancin Allura

Shekara arba'in da ɗaya ina taka keke
a rumfa ta uku daga bakin babbar kasuwa.
Na ɗinka wa Maradi kayan salla, na ɗinka mata likkafani.
Yanzu hancin allura ya fi ƙarfina.
In na kai zare, sai ya kauce
kamar wanda nake bi bashi.

Bakansi ya zo, lakwal ta rufe,
jikoki huɗu suka cika mini gida a Mokoyo,
ba aikin fari ba na baƙi,
sai bin jar akuyar maƙwabta da kara.
Na ce a jawo buhun ƙyallayen nan
da ya girme su duka a ƙarƙashin gado.

Muka yi ciniki da Habsu, ƴar shekara bakwai:
ke zura mini zare, ni in nuna miki hanya.
Ta lashi bakin zaren, ta kanne ido ɗaya,
ta zura. Sau ɗaya tak.
Ban ce komai ba. Na yi tari.

Darasin farko ƙulli ne.
Naɗa a yatsa, murza, ja.
Wanda bai ƙulle gindin zare ba
iska zai yi ta ɗinkawa har magariba.
Tsayabu bai yarda ba sai da ya gani:
taki goma sha biyu, ya ja,
duk suka biyo shi gida.

Na ja musu layi da guntun sabulu.
Nutso da ɗagowa,
kamar ku a Gulbi in ya kawo ruwa:
allura ta nutse, ta ɗago kai, ta sha iska, ta koma.
Ban da tsallen kwaɗo.
Tafiyar tururuwa nake so.

Ma'azu ya zaɓi ƴar jakar alli
don mushe ya daina ganin aljihunsa fari fat.
Ƙyalle ɗaya, ninki biyu, gefe da gefe, a bar baki.
Shi ko ya ɗinke har bakin,
ya miƙo jakar da ko aljani ba ya shiga.
Muka farke, muna dariya.
Ni a zamanina
da igiyar keke aka nuna mini kuskure,
har yau bayana bai manta ba.

Baraka, auta, ba ta kai riƙon allura ba.
Na huda mata kwalin sukari da ƙusa,
na ba ta igiyar takalmi.
Tana shiga rami tana fita, harshe a waje,
wai hula take yi wa akuya.

Habsu ta yi wa ƴar tsana matashi,
muka cusa audugar rimi har ya yi tumbi.
Allura ta soke ta. Ɗigo ɗaya a kan atamfa.
Ta dube ni, ko zan ce a bari.
Na nuna mata yatsana, duk huji kamar rariya.
Ta tsotse nata, ta ci gaba.

Da la'asar na miƙe zan ɗauki buta,
ta ce, Kaka, tsaya, maɓallin wuyanka na lilo.
Wata nawa yana lilo ina riƙe shi da addu'a:
da wane ido tela zai kai rigarsa wurin tela?
An ce ɗinki a jiki na jawo tsiya.
Na ce ta zo, za ta tarar da ni a tsaye.
Habsu ta kife turmi ta hau,
numfashinta duk ƙuli-ƙuli,
jan zare a kan farar shadda
don shi ne ya rage a allurar.
Rami huɗu gare shi. Ta sami uku.

Haka na tafi masallaci.
Malam Isuhu ya dubi wuyana ya ce,
wane tela ya yi maka wannan ɓarna?
Na ce sabuwa ce, ba ta buɗe rumfa ba tukuna,
kuma aiki ya yi mata yawa.
In kana so, sai bayan salla.