Soja na Uku Daga Hagu

A takardar neman aiki na rubuta:
na iya hawan doki.
Ƙarya ce. Alfadarin kakana ma a Tabernas
daga nesa nake gaishe shi.

Ranar Laraba suka kira:
soja na uku daga hagu, kalma huɗu, sai ka faɗi matacce.
Saura sati biyu.

Nieves, mai dawakan, ta haura saba'in,
guntun sigari a bayan kunne.
Ta dubi tafin hannuna mai laushi,
ta ce, "Wa kake kwaikwayo?"
Na ce jarumi.
Ta ce, "Tizón ba ya kallon fim."

Na buɗe ƙirji yadda na koya gaban madubi,
na ja linzami da isa.
Ya sunkuya yana cin ciyawa.

Kwana tara cinyoyina suna kuka.
Da dare in wanke kwanuka a gidan abincin Eusebio,
ƙafafu a tale, kuku yana dariya.

Rana ta goma na gaji da wasa.
Na zauna kawai, da tsorona, da nauyina,
na raɗa masa: ban iya ba.
Kunne ɗaya ya juyo.
Ƙasa ta soma wucewa a hankali ƙarƙashinmu.

Ranar ɗauka, darakta ya ce
bana bai ga faɗuwa mai gaskiyar tawa ba.
Ban faɗa masa likkafa ce ta kuɓuce ba.

Kalmomina huɗu an yanke su.
Tizón ya fito sau uku.