Ruwa a Bisa Dutse

Mun baro Bethesda da hantsi,
garin da rufin gidajensa duk baƙin dutse ne,
hadari na biye da mu kamar mai bin bashi.
Barira ta cika filas da shayi mai citta,
ta naɗe ƙosai a takarda,
ni kuwa na riƙo taswira
wadda sunayen cikinta suka fi ƙarfin harshena.

A bakin hanya an kafa allo:
kada a tsinki fure, kada a bar shara,
mai kare ya riƙe igiyarsa.
Zinatu ta karanta mana da ƙarfi,
ta dube ni, ta ce, "Baba, har ɓawon lemo fa."
Shekararta tara. Yau ita ce hukuma.

Gwaggo Asabe, watanta biyu da zuwa daga Malumfashi,
ta ƙi sandar ƙarfen da muka saya mata,
wai ƙafar da ta sha hanyar rafi da tulu
ba za ta yi aron 'yar'uwa da tsufa ba.
Muna ƙetare gadar katako
ta miƙo hannu, ba ta ko dube ni ba.
Na ba ta. Ba wanda ya ce uffan.

Hanyar shimfiɗar duwatsu ce,
wasu hannaye suka jera su ɗaya bayan ɗaya
tun ba mu san da ƙasar nan ba.
Ƙorama na gefe tana ta surutu.
Ga tumaki birjik, kowace da shuɗin fenti a gadon baya.
Gwaggo ta tsaya ta ƙirga goma sha bakwai,
ta waiga hagu, ta waiga dama:
"Ina mai kiwon? Ikon Allah!"

Mudi ya gaji a tsakiya.
Ya zauna daɓas, ya ce shi nan zai kwana.
Na yi lallashi, na yi alkawarin alewa, a banza.
Sai ga wata tsohuwar Baturiya ta zo wucewa
da kare mai ƙafa uku.
Karen ya shinshina takalmin Mudi,
ya yi gaba yana ɗingishi.
Yaron ya bi shi da ido,
ya miƙe, ya kakkaɓe wando.

Sannu ba ta hana zuwa.
Muka hau tudun ƙarshe, numfashi sama-sama,
sai ga shi.
Idwal, in ji taswira.
Ruwa kwance cikin ƙwaryar duwatsu,
baƙi wuluk a tsakiya,
a gefe kuwa garau, har kana ƙirga tsakuwa.
Tsaunuka sun kewaye shi sun yi tsit,
gajimare ya sauko ya jingina da kafaɗar ɗaya.

Ni na taso na san ruwa gangare yake nema,
rijiya sai an haƙa, dam sai an tare.
Tafki a bisa kaina, me zan ce masa?

Gwaggo ta cire safar hannu, ta tsoma yatsu,
ta janye: "Wannan ai ƙanƙara ce ta yi lakwas!"
Duk da haka ta kamfata, ta koma gefe ta yi alwala,
ta tambaye ni gabas.
Waya ba sabis. Rana ta ɓuya.
Zinatu ta jujjuya taswira, ta nuna wani kwazazzabo,
na shimfiɗa rigar ruwana a kan ciyawa.

Ƙosai ya huce, shayi bai huce ba.
Mudi ya cusa farin dutse a aljihu.
Hukuma ta gani.
Aka yi gajeriyar shari'a,
dutse ya koma daidai gurbin da ya bari.

Yayyafi ya fara zana zobba a fuskar tafkin.
Gobe Litinin, ƙarfe biyar na asuba
ina bayan sitiyarin bas a Liverpool,
amma gobe ba ta iso nan ba tukuna.

A saukowa Gwaggo ce gaba, sanda na ƙwas-ƙwas,
ɓawon lemo na jiƙa mini aljihu.
Ta ce in ta koma gida za ta ba da labari,
ko da yake ta san ba za a yarda ba:
tumaki ba makiyayi, ruwa a bisa dutse.
Barira ta ce, "Sai ki nuna musu hoto."
Gwaggo ba ta waiwayo ba.
Ta ce, "Hoto ba ya sanyi."